Mijina Ba Shi Ne Mutumin Cikin Bidiyon Ba

Zuwa ga Alhaji Mumuni,
Mai shirin fassara shari'a da Hausa a intanet,
Concourse Village, Bronx.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk masu taya ka aiki. Ina gaishe da Hajiya mahaifiyarka, Allah Ya ƙara mata lafiya. Ina kuma gaishe da masu kallon shirinka na nan New York da na gida, domin su ma nake so su karanta wannan wasiƙa.

Sunana Rifkatu, matar Iliya. Mu 'yan kudancin Kaduna ne, muna zaune a Jamaica, cikin Queens. Ina aiki a inda ake shirya abincin da ake ba fasinjoji a jirgi, mijina kuma yana tuƙa motar kai kaya daga filin jirgi. Muna da 'ya ɗaya, Alheri, tana firamare. Ban taɓa rubuta wa kowa wasiƙa a bainar jama'a ba. Na kira ka a waya, fastonmu ma ya kira ka, ba mu ga canji ba. A gaban jama'a aka yi mana wannan abu, shi ya sa na kawo kukana gaban jama'a.

Na farko, Alhaji, ni mai kallonka ce, ba maƙiyiyarka ba. Tun da aka fara nuna shari'ar mutumin nan da ake tuhuma da kashe matarsa a can kudancin ƙasar nan, ban bar shirinka ya wuce ni ba. Turancin lauyoyi yana ba ni wahala, kai kuwa sai ka warware shi dalla-dalla har mu gane. A cikin bas nake sauraronka idan na taso daga aiki. Da yayata da ke Kafanchan har gardama muke yi a waya, ita ta ce shi ya kashe ta, ni in ce a bari a ji ƙarshe.

Ranar da lauyan wanda ake tuhuma ya nuna bidiyon kamarar maƙwabta, ina kallo. Wani baƙin mutum ne ya wuce ta gaban gidan, ya rufe kansa da hular riga, yana ɗingishi. Ba a ga fuskarsa ba. Lauyan ya ce wannan ne ya kamata a nema. Da ka faɗi sunan garin, sai na rubuta a wurin da masu kallo suke faɗin ra'ayi cewa na san garin, maigidana ya taɓa aiki a kamfanin kaji a can. Abin da na rubuta ke nan, kamar yadda kowa yake murna idan ya ji sunan inda ya sani.

Na biyu, abin da ya biyo baya. Wani daga cikin masu kallonka ya shiga shafina, ya ɗauko bidiyon ranar godiya a cocinmu, inda Iliya yake tafiya gaba ɗauke da kwandon doya. Mijina yana ɗingishi. Babur ne ya kayar da shi a hanyar Kachia tun yana saurayi, ƙafar ba ta koma daidai ba. Aka haɗa bidiyonsa da na kotu gefe da gefe, aka turo maka. Kai kuma ka sa shi a shirinka.

Ina tuƙa tuwo a lokacin, na jingina wayar da kwalbar mai. Sai na ɗaga kai na ga mijina yana tafiya a cikin shirinka, da farar rigar da ni na goge masa. Na ji ka ce, "Jama'a, ni ban ce shi ne ba, amma ku duba tafiyar nan da kyau." Ka maimaita bidiyon a hankali. Ka karanto abin da na rubuta, da sunana a jiki. Na zauna a ƙasa da muciya a hannu. Ina ganin rubuce-rubucen mutane suna wucewa da gudu: wani ya ce wallahi shi ne, wata ta ce dama irinsu shiru-shiru su ake tsoro, wani ya tambaya ko akwai wanda ya san unguwarsu.

Na uku, maganar ba ta tsaya a cikin masu jin Hausa ba. Wani ya sa wa guntun shirin rubutun Turanci, ya kai shi shafukan Amurkawa masu goyon bayan wanda ake tuhuma. Waɗannan mutane ba su san mu ba, ba su san ka ba, sun dai daɗe suna neman mutumin cikin bidiyon, kai kuma ka miƙa musu fuska da suna.

Saƙonni suka fara shigowa daga lambobin da ban sani ba. Wasu zagi ne. Wasu ba zan iya rubuta su a nan ba, domin har Alheri aka ambata a ciki. Na rufe shafina, na canza lamba. Ana nan sai wata 'yar cocinmu ta nuna mini hoton ƙofar gidan da muke haya a ɗaya daga cikin shafukan nan, har da kwandon sharar da ke gefen matakala. Ba irin hoton da ake samu a taswirar intanet ba ne, Alhaji. Akwai keken yaron maƙwabtanmu a ciki, wanda ba a daɗe da saya masa ba. Wani ya zo ya tsaya a kan layinmu ya ɗauka. Ban san ko wane ne ba. Wataƙila na wuce shi da safe.

Tun daga ranar ba na buɗe labule. Idan mota ta tsaya a waje ba a kashe injin ba, sai in tsaya in kasa kunne. Ranar Asabar na je wurin injinan wanki, wani mutum ya ɗaga wayarsa ya nufo inda nake. Na bar kayan a jiƙe na fito da gudu. Mai yiwuwa da ɗansa yake magana, ban tsaya na sani ba.

An yi ta kiran kamfanin da Iliya yake aiki, har shugabansa ya ce ya ɗan zauna a gida tukuna. Cikin mutunci ya faɗa masa, amma ba wanda ya ce ga ranar komawa. Mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya, yanzu yana wuni a ɗaki. Na shigo na same shi yana kai da kawowa a falo, yana koyon tafiya ba ɗingishi. Yana cije leɓe, zufa tana zubo masa saboda zafin ƙafar. Na ce, "Baban Alheri, me kake yi haka?" Ya ce, "Gobe ni zan kai ta makaranta. Ba na so a gane ni a hanya."

Alheri tana jin Hausa, amma da Turanci take amsawa. Da Turancin ta tambaye ni, muna tsefe kai, ko babanta ya kashe wata mata. Wani yaro a ajinsu ne ya nuna mata a wayar yayansa. Na ce mata ƙarya ne. Ta ce to me ya sa muke kashe fitila idan an buga ƙofa? Na ci gaba da tsefe mata kai.

Na huɗu, ga gaskiyar magana, duk mai so ya bincika. Iliya ya bar garin nan tun kafin a haifi Alheri, bai sake komawa ba. Ranar da aka kashe baiwar Allahn nan yana nan New York yana bakin aiki, kamfaninsu kuma a shirye yake ya shaida wa hukuma haka. Mun je ofishin 'yan sanda da fasto. Ka san yadda zuciyar baƙo take a ƙasar nan a wannan lokaci. Ko mai cikakkun takardu ba ya son shiga ofishin hukuma. Duk da haka muka shiga. Jami'ar da ta saurare mu ta ce ba wanda yake neman mijina, ba sunansa a wannan shari'a ko kaɗan. Ta rubuta ƙorafinmu, ta ce idan wani ya zo gidan mu kira su nan take. Na gode mata. Amma a kan hanyar komawa na yi ta tunani, ai sai ya zo ɗin tukuna.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ka san Iliya. Shekarar da Hajiya ta zo daga Kumasi jirginta ya yi latti, kai kana wurin aiki, shi aka roƙa ya ɗauko ta. Ya kai ta har Concourse Village, ya hau mata da jakunkuna, da wannan ƙafar. Kai da kanka ka kira shi ka yi godiya. Da ka ga bidiyon, lambarsa tana cikin wayarka.

Na biyar, da na kira ka, ka ce mini, "Madam, ni ban kira shi mai kisa ba. Tattaunawa ce kawai, mutane ne suka ɗauka da zafi." Na roƙe ka ka sauke shirin, ka ce za ka duba. Yana nan har yau, kuma ya fi duk shirye-shiryenka yawan masu kallo. Alhaji, da hoton ƙofar gidanka ne yake yawo a hannun mutanen da ba ka sani ba, Hajiya tana ciki ita kaɗai da rana, za ka kira shi tattaunawa?

Yanzu shari'ar ta kusa ƙarewa. Mutanen da aka zaɓa su yanke ko ya aikata ko bai aikata ba sun kusa shiga shawara. Kowa yana jiran ranar da ɗoki, ni kuwa tsoronta nake ji. Idan aka sake shi, za a ce to mai ɗingishin ne ya yi kisan. Idan aka ɗaure shi, magoya bayansa za su ce an ɗaure marar laifi, mai laifin yana Queens yana yawo. Ta kowace hanya aka yanke, ƙofarmu suka sani.

Saboda haka nake roƙonka, don girman Allah, kafin ranar hukunci ta zo. Ka sauke wannan shiri daga duk inda ka sa shi. Ka fito kai tsaye ka faɗa da bakinka cewa Iliya ba shi da hannu a wannan magana, kuma kuskure ne ka nuna shi. Ka faɗa da Hausa, ka sake faɗa da Turanci, domin masu zuwa layinmu ba Hausa suke ji ba. Wanda ya turo maka bidiyon, ba na neman a tona shi yadda aka tona mu, amma ka ba 'yan sanda abin da ka sani a kansa. Sannan kada ka sake sa fuskar wani a shirinka a kan zato, ko ɗan waye.

Ku kuma 'yan'uwana masu kallo, na Bronx da Queens, na Kumasi da Kano da Yamai, duk wanda guntun bidiyon nan yake wayarsa ya goge shi. Idan kun gan shi a wani wuri, ku ce kun san mutumin, direba ne, uban yarinya ne, ba shi ba ne.

Ba mu kai ka ƙara ba. Mun kai Alheri gidan 'yar'uwata a wata unguwa, ba zan faɗi wacce ba. Kullum sai ta kira ta tambaya yaushe za ta dawo gida, ni kuma in ce mata ba da daɗewa ba. Kai ne za ka iya sa maganata ta zama gaskiya.

Allah Ya tsare ka da iyalinka, Ya kiyaye ƙofar gidanka daga idon mugu, kada Ya nuna maka irin kwanakin da muke gani. Allah Ya jiƙan matar da aka kashe, Ya bayyana wanda ya kashe ta, Ya ba iyayenta haƙuri. Allah Ya ba ka ƙarfin zuciyar gyara abin da ya ɓaci tun da sauran lokaci.

Wassalam.

Taka mai girmama ka,
Rifkatu, matar Iliya,
Jamaica, Queens.