Sarewar da ke Hagu

Dalanda,

Na fita, ban tashe ki ba. Gahawa na kan murhu.

Da safen nan na zauna haɗa waƙar Si Hedi a na'urar ɗaukar sauti. Kowane abin kiɗa layinsa daban na ɗauka, shi kuma so yake a haɗe su su zama sitiriyo, mai fita ta kunne biyu. Na tura ganga dama, na tura sarewa hagu. Da na sa abin saurare a kunne, ganga kaɗai nake ji. Na canza waya, na duba maɓallai, fitilar da ke nuna sautin hagu tana ta motsi abinta. Sai na juya abin sauraren, na hagu ya koma dama, sarewar ta fito sarai a kunnena na dama.

Na'urar lafiyarta ƙalau, Dalanda. Kin daɗe kina cewa, "Moncef, ina yi maka magana kana share ni." Ki yafe mini, ashe jin ki ne ba na yi.

Na tafi wajen likita. In Si Hedi ya zo, ki ce aikin bai kammala ba, kar ki faɗa masa dalili. Mawaƙa suka ji labarin nan, ba mai sake kawo mini aiki.

Moncef