Ƙanen Mamarta a Filin Zari-Ruga

International City, Dubai.

Zuwa ga Yayata, Hajiya Bilqis,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ƙane ke yi wa babbar yaya, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam Abdulmuhaimin da yara, ya kuma sassauta miki ciwon gwiwar da sanyin Leeds ke tayar miki. Ni ma alhamdulillahi. Ina nan kasuwar Murshid Bazaar inda kika san ni, ina ɗaure wa 'yan sari kayan kago ina naɗe su da salatif, su suna arziki ni ina ciwon baya. Na yi waya da Kano ranar Juma'a. Mai ɗakina lafiya lau, 'yarmu Fiddausi ta kusa saukar Alƙur'ani, rufin ɗakin marigayiya Inna kuma ya daina zuba, ba don an gyara ba, don damina ta wuce.

Na ga kiranki ya fi a ƙirga ban ɗauka ba. Wayar ba ta lalace ba, mai ita ne ya ɗan taɓu. Na gwammace in rubuto, duk da kin san karatuna a aji huɗu ya yi faci, saboda biro ba ya rawar murya. Inda kika ga kuskure ki gyara a zuci, dama ke ce mai bokon gidanmu. Na san 'yarki Umma ta dawo miki da hannu a rataye, ta kuma ba ki nata labarin. To ga nawa.

Bari in fara da abin da kika sani, tunda da alama Ingila ta wanke miki shi daga kai. Umma 'yar farina ce, sannan sunan Inna na sa mata. Kin ga kwaɗo biyu ke nan a bakina: ba a kiran sunan ɗan fari, ba a kuma kiran sunan uwa. Shi ya sa muke ce mata Umma. Ke kanki 'yar fari ce, Yaya. Har Baba ya koma ga Allah bai taɓa kama sunanki ba, sai dai ya ce ina waccan, amma wa ya sayar da kekensa ran da kika ci makarantar nas, ya koma zuwa kasuwa a ƙafa? Kin taɓa cewa ba ya son ki? Da aka yaye yarinyar nan na ɗauke ta na sa miki a cinya, lokacin kin shekara da shekaru a ɗakin miji ba ko ɓari, dangin Malam suna ta yi miki waƙa a tsakar gida. Da aiki ya kai ku Turai kika tafi da ita, ban hana ba. In kun zo hutu ta shigo ɗaki in tashi in fita, kamar yadda aka yi mana. Na ɗauka kina fassara mata. Ashe ke ma kallona kike yi.

Kafin gasar nan ta turo min saƙon murya da Hausarta mai kama da ta sabon fadan coci. Ta ce kulob ɗinsu na zari-ruga zai zo Dubai gasar mata ta ƙasashe, ta ajiye min tikiti biyu. Ni da na ji zari-ruga, abin da ya faɗo min ɓarayin waya ne na bakin Kwari, na ce to, a dangi an samu mai sana'a. Sai ta ƙara da cewa abu ɗaya take so. Wai iyayen ƙawayenta sukan tsaya a bakin fili su yi ta kwaɗa sunan 'ya'yansu, ita kuwa tunda take ba ta taɓa jin sunanta a bakina ba. Ba ta son Umma, wai ita ba uwar kowa ba ce. In har ni ubanta ne, in kira ta da sunanta na yanka, ko sau ɗaya, ta ji da kunnenta.

Kada ki ce ban gwada ba. Nakan shiga kwantena in ja ƙofa, in tsaya gaban katon ɗin takalma in ce yau sai na faɗa. In buɗe baki, harafin farko ya fito, sai in ga Inna zaune a kan tabarmarta tana tsinke zogale ta ɗago ta dube ni, sai sauran ya koma tari. Wani Bafakistane da muke aiki tare ya leƙo ya same ni ina yi wa kwali magana, ya dafa ni ya ce shwaiya shwaiya habibi, wato in bi a hankali, zafin rana ne. A unguwar Al Sabkha kuwa, matattarar Hausawa, mutanenmu sun tono bidiyonta. Aka yi ta miƙa waya daga hannu zuwa hannu a wurin shayi, wani ya ce wuyan nan nata ya fi nawa dacewa da dako, wani ya ce duk wanda zai aure ta ya fara yin wasiyya. Na yi dariya na fi kowa, don in ba ni na fi kowa ba, to da ni ake yi.

Ranar na sa farar shaddata ta sallah, na riƙo mata kilishin da na sa aka kawo daga gida. Na tafi da Julius, mutumin Kafanchan mai gyaran na'urar sanyi, maƙwabcina a bene, shi ya san kan wasan. Filin yana can hanyar Al Ain, tsakiyar rairayi. Yaya, na ga abin da ban taɓa gani ba. Turawa manya da furfurarsu, wani ya yi shigar ayaba, wani ta raƙumi, wani ta jinjiri har da bulumboti. Cikin dubban nan ni kaɗai na yi shigar mutane, kuma ni aka fi ɗauka hoto, wata ma ta tambayi Julius inda na yi hayar kayan.

Wasan kansa ga yadda yake. Mutum bakwai nan, bakwai can, ƙwallon kamar gwanda. Gaba ake son zuwa amma baya ake jefa ta, na ce wa Julius ai wannan tarihin zamana a Dubai ne. In an yi laifi sai su sunkuya su haɗa kai kamar ragunan layya suna tunkuɗar juna. Wadda ta riƙe gwandar kuma ta zama halal ga kowa, a bi ta a kayar. Ina cikin cewa Allah ya shirya sai ga ta ta fito, da ɗan kallabinta baƙi da dogon wando a ƙarƙashin gajeren, a nan kam na yaba miki. Tafiyar Inna sak, har yadda take jefa ƙafar hagu. Ba a jima ba aka miƙo mata gwandar. Ta zille wa ɗaya, ta ture ta biyu da tafin hannu kamar mai korar akuya daga bakin tukunya, ta zuba a guje har bayan layi ta dangwarar. Fili ya ɗauka. Wani jan Bature kusa da ni yana ta kiran sunan 'yarsa, alhali ita ko taɓa ƙwallon ba ta yi ba. Umma ta juyo, ta san kujerar da ta saya min, ta tsaya tana kallona tana haki. Na miƙe, na cika ƙirji da iska, na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne Umma. Na sake, Umma. Wani Balarabe a bayana ya tambayi Julius ko dattijon nan ya ɓace wa mahaifiyarsa ne. Da na rasa abin yi sai na ɗaga mata ledar kilishi. Ta dube ni, ta dubi ledar, ta tofar da robar da suke sawa a haƙori, ta juya.

Wasa na biyu bayan la'asar ne, da wasu 'yan tsibiri, mata kamar an gina su da bulo. Umma ta shiga da fushi, ko ni da ban san wasan ba na gani. Ta daina zillewa, sai dai ta nufi mutum. Julius ya ce yarinyar nan tana sa kai inda bai kamata ba. Bai rufe baki ba ta yi karo da wata, kai da ƙugu. Ƙarar ta iso har inda muke, kamar an fasa ƙwarya. Waccan ta tashi. Tamu ba ta tashi ba. Hannunta ɗaya ya sandare a sama, fili ya yi tsit.

A nan ne, Yaya, na faɗa. Ban shirya ba, ban ga Inna ba, ban ga kowa ba. Na kira sunan nan cikakke, da muryar da ban san ina da ita ba, har mai shigar ayaba ya dafe kunne. Na yi ta kira ina tsallake kujeru, shaddata ta kama ƙarfe ta yage har cinya, masu gadi suka riƙe ni a bakin shinge ina kira. Kaf filin nan babu wanda bai ji sunan uwarmu ba, sai mutum ɗaya. Tana kwance a sume, aka ɗauke ta a gadon ɗaukar marasa lafiya aka wuce da ita ta gabana, idonta a rufe.

Washegari da hantsi aka bar mu muka shiga asibiti. Ƙashin kafaɗa ya karye, kai ya bugu, likita ya ce wasan na biyu gaba ɗaya ya goge daga ƙwaƙwalwarta. Abin da ta tuna na ƙarshe shi ne wani tsoho da ledar kilishi. Kin ga sa'a irin tawa. Ƙawayenta sun cika ɗakin, da mai horar da su. Na tsaya daga bakin ƙofa na ce sannu, ya jiki. Ta ce in matso. Ta ce jiya hayaniya ta yi yawa, wataƙila shi ya sa, yanzu ga shiru, ga ta ga ni, in faɗa. Idonta biyu a kaina, idon Inna. Na dubi silin, na dubi robar ƙarin ruwa, na ce Allah ya ƙara sauƙi. Julius ya yunƙura zai ba da shaida, na take masa ƙafa har ya yi ƙara. Ni ba zan kafa shaidu a kan 'yar cikina ba kamar mai ƙarar gona.

Sai ta yi murmushi. Ta ce to ba komai, tunda ni ba zan iya kiran nata ba, ita za ta iya kiran nawa. Ta kira shi, Yaya. Mika'ilu, tsirara, ba Baba, ba Malam, kamar mai kiran yaron shago. Ta juya ga ƙawayenta da Turanci, kuma daidai wannan Turancin aji huɗu ya ishe ni, ta ce ga Mika'ilu, ƙanen mamarta, yana ɗaure kwalaye a kasuwa. Ba ta yi ƙarya ko ɗaya ba, shi ne abin. Suka taso ɗaya bayan ɗaya da fara'arsu, kowace ta miƙo min hannu tana juya sunana a baki kamar mai gwaguyar goriba, wadda ta kasa ta ce a maimaita mata, ita kuma tana daga kwance tana maimaitawa. Da na ajiye kilishin ta ce in ɗauka, ba ta cin abin da ba ta san wanda ya kawo ba. Ni da Julius muka cinye shi a bas. Ya yi yaji da yawa, duk hanya idona na ruwa, na ce wa Julius mai kilishin nan ba shi da imani.

Yanzu ke. Ban ga laifin yarinya ba, abin da aka zuba mata ta fitar. Kin koya mata salla, kin koya mata kallabi, kin kai ta inda ake koya wa mata ka da mutane, amma kin rasa yammaci ɗaya da za ki zaunar da ita ki ce, uban nan naki da ke fita in kin shigo, ga abin da fitarsa take nufi. Na daɗe ina cewa mantuwa ce. A bas ɗin nan na gane ba mantuwa ba ce. Kin ji tsoron ta san tana da wani wurin. Allah ya ba ki Hafiz da Mubashir daga baya, amma har yau riƙon matar da aka yi wa gorin haihuwa kike yi mata, da hannu biyu da haƙori. To kin ci gasar, Yaya, ko kofi ba a ba ki ba. Na ba ki aron 'ya, kin mayar min da 'yar yaya.

Abu biyu nake roƙo. Na farko, abin da na yi a bakin shinge ya tsaya tsakanina da ke da Julius da Turawa dubu masu shigar ayaba. Kada ki faɗa mata. In kika faɗa ban yafe ba. Ta ce da kunnenta take so ta ji, kunnen kuma bai ji ba, khalas, magana ta ƙare. Bakin nan sau ɗaya ya buɗu, kuma sai da na ɗauka ta mutu. Ba na fatan abin da zai sake buɗe shi. Na biyu, ran da wani mai ƙarfin hali ya zo neman aurenta, kada a turo min. Malam Abdulmuhaimin ya karɓi gaisuwa, ya ba da ita, shi ya san sunanta. Ni a aiko min da kati kamar sauran dangin uwa, in biza ta samu in zo in ci shinkafa, in kuma akwai kayan gara da za a ɗaure, wannan kam an san gwani.

Ki gaishe min da Malam Abdulmuhaimin da kyau, ki gaishe da Hafiz da Mubashir, ki ce Allah ya yi musu albarka. Mai ɗakina da Fiddausi suna gaishe ki, ban faɗa musu komai ba, na ce an yi wasa an tashi lafiya. Julius yana gaisuwa, har yanzu yana ɗingishi. Ki duba kafaɗar 'yarki, kada ta kwanta ta wannan gefen, kuma ki riƙa sa mata man zafi in sanyi ya sauko, ƙashin gidanmu ba ya son sanyi. Ba sai kin ce daga wa ba.

Wassalam. Naki,
Mika'ilu, ƙanen mamarta, kamar yadda aka gabatar da ni.