Tikitin Mazen

Lahadi, 10 ga Disamba, 2023

Biza ta fito. 'Yata Razan tana ta tsalle a falo, wai za ta ga kasuwar hunturu ta Vienna da fitilunta. Ni ina ruwana da fitilu? Ɗana Mazen zan je in ɗauko. Shekara uku yana karatu can, iƙamarsa, takardar izinin zamansa a nan, za ta mutu ƙarshen watan nan, kuma an ce wannan karon sai ya shigo da ƙafarsa kafin a sabunta ta. In bai shigo ba, halas, shi ke nan, Jidda ta rufe masa ƙofa. Na sa maigidana Abu Mazen ya yankar masa tikiti a jirgin dawowarmu. Yaron bai sani ba.

Alhamis, 14 ga Disamba

Na zaga shagunan unguwar Sharafiyya kaf neman rigar sanyi. Mai shago har dariya ya yi mini.

Mazen bai ɗaga waya ba, sau huɗu.

Lahadi, 17 ga Disamba

Mun iso. Ya Rabbi, sanyi! Rana ta faɗi tun muna ganin la'asar ce. Mazen ya tarbe mu, ya rame, ya sumbaci kaina kamar kullum. Amma da na ce "ƙarshen wata" sai ya juya yana gyara wa ƙanwarsa hula.

Litinin, 18 ga Disamba

Kasuwa. Rumfunan katako, kyandir, ƙamshin kirfa ko'ina. Razan ta ɗauko kofin wani abu mai zafi ja, Mazen ya fizge, ya ce da giya a ciki. Na ji daɗi, wallahi, ashe tarbiyya ba ta zube ba. Sai dai duk inda muka nufi layin ƙarshe, yalla yalla, mu je mu je, ya karkatar da mu. Sau uku. Na haife shi, na san in yana ɓoye abu.

Tikitin yana jakata. Na kasa fito da shi.

Talata, 19 ga Disamba

Ya ce yau yana da uzuri. Na bar uban da Razan a masauki, na koma kasuwar ni kaɗai, kai tsaye layin ƙarshe. Ga ɗana da safar hannu baƙa ƙirin, yana gasa kastana, wani ɗan itace mai kama da gujiya, da dankali a kan ganga, yana zuba Jamusanci da mutane yana dariya. Dariyar da ban ji ba tun yana sakandare.

Ya gan ni. Bai gudu ba. Na miƙa masa tikitin a gaban mutanen nan.

"Ummi, na gama karatu tun bazara. Na sa hannu a aikin kamfani, Janairu zan fara. Wannan na kafin nan ne."

Na ce to iƙamar fa? Gidanku fa? Kabarin kakanka?

Da Hausa ya ba ni amsa, shi da ko gaisuwa sai ya haɗa da Larabci. "Jidda aka haife ni. Jidda aka haifi Baba. Har yau kowace shekara roƙo muke a bar mu mu zauna. Na gaji, Ummi."

Na ce masa abin da bai kamata uwa ta faɗa ba. Ba zan rubuta shi nan ba.

Laraba, 20 ga Disamba

Ashe Abu Mazen ya sani tun Oktoba. Ya bar ni ina ta shirme na. Ba na magana da shi.

Juma'a, 22 ga Disamba

Har filin jirgi ina sa rai. Na duba hannunsa, babu akwati. Ya rungume ni, na tsaya ƙiƙam, ban ɗaga hannu ba. A cikin jirgi kujerarsa kusa da tawa ce. Razan ta ɗora rigunan sanyinmu a kai, na ce ta sauke.

Lahadi, 31 ga Disamba

Yau iƙamar ta mutu. Na yi wanki, na dafa shinkafa, ba abin da ya faɗo daga sama.

Ya kira bayan azahar. Na bari wayar ta yi ta ringi, sannan na ɗauka. Muryarsa ta dishe, mura ce. Na yi masa faɗa kan yawo ba hula, faɗa sosai, na minti goma. Yana ta "hadir, Ummi, hadir," wato ya ji. Ina jin yana kuka, na yi kamar murar ce.

Ban yafe ba tukuna. Na dai tambayi Razan wata nawa ya rage wa bizar nan tamu, kuma ko can ana barin mutum ya shiga da yaji a akwati.