Janar Ya Ci Gishirin Tagunt

Litinin, 4 ga Nuwamba, 1957

Janar Kerval ya dawo daga Aljas, babban birnin Aljeriya, fuska a murtuke. Paris ta ba shi zuwa ƙarshen wata ya share 'yan tawaye daga kwarin nan, ko tauraro na uku ya wuce shi. Tun yaƙin Italiya nake masa tafinta, yana kanar, muna cin gwangwani ɗaya cikin taɓo. Yanzu kirana yake, "Arezki, tsohon najadu, zo nan." Ni da na karanci shari'a a madarasa.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Ya tambaye ni me ke sa Bakabile, mutumin duwatsunmu, ya yarda da baƙo. Bakin nan nawa, da an taɓo abin da na sani sai ya ɓalle. Na ce in baƙo ya ci gishirin gari, dattijo ya yafa masa alkyabbarsa, amana ta ƙullu: ba sa cutarsa, ba ya cutarsu. Ya daɗe yana kaɗa tokar taba. "Ko Bafaranshe ne?" Na ce ko Iblis ne.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Ruwa. Manyan motoci sun iso, an jera su bayan bariki, an rufe da tamfol. Ba wanda ya ce na mene ne.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Mun hau Tagunt, garin da ƙanwata Taous ke aure. Janar ya je ba bindiga. Ya ci kuskus da naman rago, ya dangwala gurasa a man zaitun, ya nemi ƙari. Dda Meziane, dattijon garin, ya miƙe da ƙyar ya cire alkyabbarsa ya yafa masa. Mata suka rangaɗa guɗa.

Sai Janar ya ce mazan da suka gudu dutse su sauko su girbe zaitun, ba mai taɓa su. Shi ya faɗa, amma muryata suka ji, da harshenmu.

Taous ta riƙe min hannu. "Yaya, ashe Akli zai kwana a gida?" Mijinta ke nan. Na ce in Allah ya so.

A mota Janar ya tuɓe alkyabbar ya jefa wa direba. Wai warin akuya take.

Talata, 12 ga Nuwamba

Kyaftin Roux ya sha ya saki baki. Ranar Juma'a za a far wa Tagunt, lokacin da mazan duk suke masallaci. Za a kwashe su, a ƙone garin. Ya dafa kafaɗata: "Kada ka damu, kaka, kai ma za ka sami lambar yabo." Uku gare ni a akwati, duk sun yi tsatsa.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Na sami Janar yana aski. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka fa ci gishirinsu." Bai juyo ba. "Na sha miyar Jamusawa shekara biyu ina fursuna, Arezki. Ba ta hana ni harbinsu ba."

Mutumin da ya goya ni a Italiya ina zubar jini. Ko dai tun can tauraro yake goyo, ban sani ba.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Na ce zan kai wa Taous magani, aka bar ni. Na tarar da mazan sun sauko, suna kan bishiyoyi suna kaɗo zaitun, har da masu waƙa.

Na faɗa wa Dda Meziane komai, ban rage ba. Ya girgiza kai. "Si Arezki, ka daɗe cikinsu har ka mance. Mutum ya sa alkyabbata. In na ce su koma dutse, ni na fara karya amana."

Akli ya leƙo daga reshe yana dariya. "Suruki, tsoro ne ko tsufa?"

Biyu kaɗai suka ji maganata suka tafi. Akli ba ya ciki.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Ban koma bariki ba. Gwiwa ce ta kumbura, gangaren kuwa santsi gare shi, ba wani abu ba. Kakina ya jiƙe, Taous ta ba ni tsohuwar rigar Akli. Ta yi min daidai.

An kira salla. Daga ƙasan kwari ana jin gunjin motoci, suna hawa a hankali. Rabona da sallar jam'i na manta. Bari in yi alwala.

In Janar na buƙatar tafinta yau, ya neme shi cikin sahu.