Barau Zai Tafi Makka, Ni Ban Yafe Ba

Limawa, Minna
Yuli, 1987

Zuwa ga Yayana Ishaku,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti Rahmatu da yara. Yaya aiki, yaya zafin Nguru? Allah ya tsare ka a kan hanyar jirgi, ya ƙara rufin asiri, amin. Ni ce Lailatu. Theresa maƙwabciyarmu ce ke rubutawa ina faɗa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana, yadda ta fito haka za ta sa ta. Inna tana nan lafiya a Wushishi, sai ƙafar nan tata da ke tashi in damina ta zauna. Maigidan yana Abuja wurin aikin gini, tun ƙaramar salla bai leƙo ba, bai ma san abin da ake ciki ba. Ni kuwa Yaya ba zan ce maka lafiya ba, don ba lafiyar. 'Yata Jummai tana kwance.

Ka tuna zomanyar nan fara mai baƙin kunne da ka kawo mata bayan rasuwar Garuba, lokacin da ta ƙi ci ta ƙi sha, tana ta neman ƙanenta a bayan ƙofa? To ita ta zame mata 'yar'uwa. Sunan ma da take kiranta ke nan, Ƙanwata. Ta goya ta da ɗankwalina, ta kwantar da ita a tabarma tana lallashi, in na zuba mata koko ta tsoma yatsa ta ba ta, ta mai da yatsan bakinta. Ni sai dariya nake, ina cewa Allah ya saka wa Yaya. Yarinya ta yi ƙiba, zomanya ta yi ƙiba, kashinta ƙanana busassu kamar na akuya, tsintsiya ɗaya ya tafi.

Sai abokin nan naka Barau. Tun da nama ya yi tsada aka shiga kiwon zomo, ya cika bayan gidansa da akurki, ma'aikatan sakatariya suna zuwa saye. Shi ya aiko matarsa, wai a ba shi aron zomanyar ya haɗa ta da namijinsa, in ta haihu a raba 'ya'ya, yadda ake yi da akuya. Wallahi don kai na yarda, na ce abokin Yaya ai yaya ne. Ashe a lokacin nan nasa mutuwa suke da zawo, yana turbuɗe su a bayan katanga, lafiyayya yake nema ya tayar da kiwonsa. Ba zato nake ba. Matarsa ce bakinta ya suɓuce a wurin famfo, Theresa tana tsaye, ga ta nan, ta ji da kunnenta. Ya sani, Yaya. Ya san ta yarinya ce, ya san da ita take kwana take tashi, ya ɗauka ya jefa ta cikin masu ciwo.

Tun da ta dawo ba ta sake daidai ba. Yau ta ci ganyen dankali, gobe ta juya wa dusa baya. Ciki ya kumbura kamar ganga, in ka kara kunne ka ji yana ƙugi. Wata rana ba kashi sam, wata rana ya zubo ruwa-ruwa da wani abu kamar majina, ga wari, gindinta duk ya ɓaci. Ta lafe a lungu tana cizon haƙora, Jummai ta zauna gabanta tana cewa sannu. Sai ta yi kamar ta warke, mu yi murna, ciwo ya dawo. Haka muka yi ta yi tun farkon ruwa, ba ciki ba 'ya'ya, sai ƙashin baya da ya fito. Da na aika wa Barau, sai ya ce wai ciyawar damina ce, ni ce ban iya kiwo ba, ya ba da kafso ja da baƙi irin na mutane, wai a fasa a ruwa a ɗura mata. Na ɗura. Kashegari ko tsayuwa ba ta iyawa.

Na sa ta a kwando muka je asibitin dabbobi ni da Theresa. Malamin ya duba, ya ce ƙwayoyin cuta ne a hanjinta, a wurin wasu zomaye ta ɗauko. Ya ce kafson nan kuma shi ya ƙarasa ta, wai cikin zomo akwai wasu ƙwayoyi masu amfani da ke narka mata abinci, maganin mutane ya kashe su ya bar mugayen suka yi yawa. Sannan ya tambaya ko akwai yaro a gidan, ya ce a raba su, a wanke hannu da sabulu, irin wannan wani lokaci yana kama mutum. Yaya, na suri kwandon muka kamo hanya. Kafin mu iso gida ta mutu a kwandon. Ina shiga na tarar Jummai ta ɓata zanenta, jiki zafi rau.

Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani gudu yake. Haka fa Garuba ya fara. Idon nan da ya faɗa, leɓen nan da ya bushe, duk na san su. An yi mata allura a babban asibiti, an koya mini haɗa ruwan gishiri da sukari, cokali cokali nake ba ta, in ta amayar in sake. Ko rufe ido ta yi sai na sa yatsa a hancinta. Nas ta ce ba za ta rantse daga zomanyar ba ne, damina ce, yara da yawa suna yi. Ita ce ba za ta rantse ba. Ni na ga yatsan nan yana zuwa yana dawowa.

Gawar zomanyar ban binne ta nan da nan ba. Na bar Jummai wurin Theresa, na ɗora gawar a faranti, na je ƙofar gidan Barau daidai lokacin da masu saye suka tsaya da mota, na ajiye a gabansu, na ce su shinshina, su kuma tambaye shi me ke bayan katanga. Ni da ko ido ba na iya haɗawa da shi! Suka shige motarsu. Har yau ba wanda ya sake tsayawa. An ce wanda ya ci zomo ya ci gudu, to shi gudun bai fara ba.

Ga dalilin takardar. Barau zai tafi Makka bana, yana ta bi gida gida yana sallama da neman gafara. Ya zo zaurenmu da mai unguwa, da wata farar zomanya a hannu, wai a ba Jummai, wai a yafi juna, tafiya ce da ba a san dawowa ba. Daga bayan ƙofa na ce ya kwashe abarsa, ban yafe ba. Mai unguwa ya yi ta nasiha, na ce na ji, ban yafe ba. Sai Barau ya ce ba komai, zai aika maka, ya san ba na ƙetare maganarka. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na riga shi. Don Allah, don nonon Inna da muka sha, kada ka ce in yafe, kada kuma ka yafe da sunana. In ka ce, zan ce to da baki, Allah kuwa ya san ƙarya nake. Ya je ya yi ɗawafi da haƙƙin yarinyar nan a wuyansa, ya ji nauyinsa.

Yau da safe ta sha koko cokali kaɗan ya zauna, alhamdu lillahi. Tana buɗe ido ta ce ina Ƙanwata. Na ce ta hau jirgi ta tafi wurin Kawu a yi mata magani. In ka zo ka san abin da za ka ce, in kuma da hali ka zo da fara mai baƙin kunne.

Ka gaida Anti Rahmatu, da Sakinatu, da Maiwada, da ɗan autanku. Theresa tana gaisuwa. Ku sa mu a addu'a. In Barau ya aiko, ka ce masa gafarar ba a hannunka take ba, ba kuma a hannuna ba. Ranar da Jummai ta taka da ƙafarta har ƙofar gidansa, ya durƙusa ya roƙe ta. In kuwa ba ta taka ba, ba shi da wanda zai roƙa a duniyar nan.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka,
Lailatu