Kaset Bakwai da Dokin Malam Lawal

Gubuchi, Litinin

Zuwa ga Ilisha mai gyaran rediyo, bakin tasha, Ikara.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da iyali, da aiki. Kada ka ɗauka wannan takarda shiri ce. Rantsuwar da na yi bara a gaban mutane, cewa ba zan ƙara yi maka magana ba, tana nan daram. Na tambayi liman Malam Ɗayyabu ko rubutu magana ne, ya ce gaba ba kyau. Na ce ba wannan na tambaya ba. Ya yi shiru, ni kuwa na ɗauki shirun izini ne.

Ga abin da ke tafe da ni. Dokina Kili ya ƙi aiki. Mun sare rake amalanke huɗu, mun kafa injin matsa, mun hura wuta a ƙarƙashin kaskon mazarƙwaila, aka ɗaura doki, ya tsaya ƙyam kamar an dasa shi. Na ba shi dusa da kanwa, na lallashe shi, na zage shi. Ya'u mai duba dabbobi ya duba shi har haƙora, ya ce ya fi ni lafiya.

Sai na tuna, shekara goma sha ɗaya da muka yi muna aikin nan tare, kana ɗura rake ina kan kasko, dokin nan bai taɓa zagaya inji ba sai kaset ɗin mawaƙan nan biyu na ƙasar Suwidin yana juyawa, waɗanda muke kira Doguwa da Mai Jita. Da ka tafi ka kwashe duka bakwai ɗin. Ka dubi dabba, ka aiko da ɗaya ta hannun Mamuda direba. Sararren rake ba ya jira, kwana kaɗan zai fara tsami, kuma shi ne abincin gidana na shekara.

Ka huta lafiya.
Lawal

Ikara, Talata

Malam Lawal, ranka ya daɗe, sarkin kasko!

Ina gajiya, ina Hajo, ina Firdausi? Na ga takardar da ba magana ba ce, na karanta ta har sau uku.

Tunda rubutu ya halatta, bari in tuna maka yadda aka yi. Ran da muka ji a rediyo cewa mutanen nan sun rabu, kai ka ce Doguwa ce waƙar, Mai Jita ɗan rakiya ne. Sannan ka kalle ni a gaban masu sayen kaya ka ce kowace sana'a tana da ɗan rakiyarta. Ni kuma na ce mazarƙwailarka ƙauri take yi. Na san na yi ƙarya, amma kai ka fara.

Kuma ka daina cewa yaji Doguwa ta yi ba a je biko ba. Na faɗa maka sau nawa, ba mata da miji ba ne, kowa da iyalinsa. Shi ke tsara waƙa, ita ke rerawa.

Ga kaset ɗinsu na farko nan, mai hoton kwale-kwale, wanda Baturen nan mai haƙa rijiyar burtsatse ya bar min a Kurmin Kogi. Lokacin ko a garinsu ba a san su ba, a wajen biki suke kiɗa. Sanyi gare shi, amma mai hankali ya san nan tushen yake. Kada ka ajiye min shi kusa da wuta.

Naka, ɗan rakiya,
Ilisha

Gubuchi, Laraba

Ilisha,

Bayan gaisuwa. Kaset ya iso, na sa. Kafin waƙa ta biyu ta ƙare Kili ya lumshe ido, Bashir da na ɗauko yana ɗura rake a madadinka ya jingina da inji yana gyangyaɗi. Ashe ba banza mutanen garinsu suka ƙi saye ba.

Ka san sarai wanda nake nufi. Na ukun nan, mai jar lema, wanda ya fitar da su duniya har aka riƙa jin su a motocin Zariya. Shi Kili ya fi so. Ka aiko da shi, ka bar min wasa.

Maganar aure kuwa, namiji da mace su yi shekara talatin suna yawon duniya a mota ɗaya, ka ce ba aure? To ina manyansu suke? Da a Gubuchi ne, da tuni an zaunar da su a zaure an sasanta.

Ƙudaje sun fara taruwa a kan raken.
Lawal

Ikara, Alhamis

Malam Lawal,

Ina kwana, ina fama? Ga mai jar lema nan, na haɗa maka da sauran biyar ɗin, kada ka ce na yi rowa. Na huɗu shi ne wanda suka cika ganguna don su burge yara, bai karɓe su ba. Na biyar suka dawo hayyacinsu. Biyun ƙarshe kowa ya yi nasa, ashe tun lokacin sun rabu, mu ne labari bai iso mana ba sai bara. Ka fara sa na Doguwa ita kaɗai, tunda ka ce ita ce waƙar, mu ga ko doki zai yarda da kai.

A gaida mutanen gida.
Ilisha

Gubuchi, Juma'a

Zuwa ga Ilisha, Baban Loveth,

Sallama da gaisuwa. Ina Maman Loveth, ina yara? Ni ce Hajo, matar Malam Lawal. Malam bai san na rubuto ba, na gaya wa Mamuda in ya faɗa ba shi ba fura a gidan nan.

An gwada duka. Na Doguwa ita kaɗai, Kili ya juya wa rediyo baya. Na Mai Jita shi kaɗai, ya kwanta. Malam ya ce ai ga shi nan, ko dabba ta san rabuwar nan ba alheri. Aka sa mai jar lema, shi ma shiru, har aka juya ɗaya gefen.

Ina tsaye da kwanon abinci, ana tsakiyar wata waƙa, sai kiɗa ya yanke ɗif, sai ga wata murya kamar ana jan tsohuwar ƙofar langa-langa. Muryarka ce, Baban Loveth. Ashe wata rana ka danna jan maɓalli bisa kuskure, ka goge Doguwa ka ɗauki kanka, kana ta rerawa ba ka ma lura kiɗa ya tsaya ba. Kili ya ɗaga kunnuwa, ya yi haniniya, ya ja inji har zagaye huɗu! Ruwan rake ya zubo. Muryar Doguwa na dawowa ya ja burki.

Shekara goma sha ɗaya kana bin kaset da waƙa, ashe kai yake saurare, Turawan nan ko a jikinsa.

Malam ya yi ta mayar da wurin da biro, zagaye huɗu-huɗu, har rediyo ta tauna zaren. Ya gane, kowa ya gane, amma ba zai rubuta maka ba. Tun jiya bai ci abincin kirki ba. Amalanke ɗaya ta riga ta yi tsami, mun zuba wa shanu. Don Allah ka san abin yi.

Hajo

Ikara, Asabar

Malam Lawal,

Gaisuwa. Labari ya zo min, ba zan faɗi ta ina ba, cewa Gubuchi ta gano mawaƙinta. Ga sabon kaset nan, muryata zalla, gefe biyu. Na sha zuma da citta kafin in fara, na rufe shago, na bi kowace waƙa a tsanake, daidai yadda Doguwa take yi. Ka ga ka samu aiki ba tare da ka karya rantsuwa ba.

Ilisha

Gubuchi, Lahadi

Ilisha,

Assalamu alaikum. Na san yau kana coci, Mamuda zai jira ka a ƙofa.

Wa ya ce ka gyara murya? Kili ya saurara, ya kalle ni, ya ci gaba da cin harawarsa. Bai gane ka ba. Ni ma ban gane ka ba. Wancan ihun yake so, wanda kake yi hayaƙi na shiga maka ido, kana cusa Hausa duk inda Turancin ya ƙare maka.

Wata amalanken ma ta yi tsami, biyu suka rage, ga na gona yana jira. Na koma wurin Malam Ɗayyabu, ya ce kaffarar rantsuwa ciyar da mutum goma ne, kuma tun bara yake jiran in zo in tambaya. Hajo ta ɗora tukunya.

Daren ranar da ka tafi ban yi barci ba, kuma girman kai ne ya hana ni biyo ka tasha. Abin da na faɗa a gaban mutane ba gaskiya ba ne, a gabansu kuma zan janye shi. Ka zo, Ilisha. Ni nake roƙo, ba doki ba.

Abokinka,
Lawal

Ikara, Lahadi da yamma

Lawal,

Gobe da motar farko. Ka ɗaura Kili, ka hura wuta. A cikin mutum goman nan a ajiye min kwano ɗaya, ni ma mabuƙaci ne.

Na gaya wa matata Irene sai an gama rake za ta gan ni. Shekara guda ke nan ina waƙa ni kaɗai a shago, babu wanda ya ɗago kai ya ce min in rufe masa baki, kuma wallahi ba daɗi.

Sai na iso.
Ilisha