Ɗalibin Bakin Taga

Jidda,
Muharram 1395

Zuwa ga uwargidana Hajiya Dela, a Mai Wurno.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da duk mutanen gida. Yaya ƙafar? Yaya sanyin bakin kogi? Mu nan lafiya lau muke, sai kewarki. Ina gaida Malam Adamu mai karanta miki takardar nan, ina kuma roƙonsa kada ya tsallake inda na tsokane ki, don na san halinsa.

Tsohuwa, albishirinki: mijinki ya samu aiki, sai ki fara zaɓen zane. Kulliyarmu tana raba wa ɗalibai ƙananan ayyuka a cikin gari, ana ba su ɗan abin sabulu. Wasu an tura su ɗakin littattafai, wasu wurin hidimar alhazai. Ni da yake ina jin Hausa, sai aka ba ni ajin koyar da manya karatu, a wata makarantar yara da ke Sharafiyya, bayan magariba. Yawancin ɗalibaina mutanenmu ne, direbobi da 'yan dako da masu gadi. Da za ki gan su da furfura sun takure a bencin yara, gwiwa na neman haɓa, da kin yi dariya har ɗankwalinki ya faɗi.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar farko ina tsaye gaban allo, sai ga mutum biyu sun shigo a makare. Na gaba Baba Bawa ne, abokin aikin Baba. Na bayansa kuwa Baba ne da kansa. Ya wuce can bakin taga ya zauna, ya ɗora hannu a kan benci kamar kowane ɗalibi. Allin da ke hannuna ya faɗi, na duƙa in ɗauka, na daɗe ban ɗago ba.

Ke kin fi kowa sanin yadda muke da shi. Ni ne ɗan fari, ana yaye ni aka miƙa miki, ban zo Jidda ba sai da gemu ya fara tsiro mini. Tun zuwana bai taɓa kiran sunana ba, ni ne "yaron Hajiya". In na shigo ɗaki ya tuna yana da uzuri a waje. In yana da saƙo gare ni, ƙanwata Jamilatu yake faɗa wa, ko da ina zaune a gefenta. Su kuwa da aka haifa a nan suna rataye a wuyansa, suna zuba masa Larabci yana dariya. Na san kunyar ɗan fari ce, gado ne, ban ce ya yi laifi ba. Amma ba zan ɓoye miki ba, abin yana yi mini ciwo.

Daga baya na ji dalilin zuwansa. Kamfanin da yake ja wa mota daga tashar jirgin ruwa ya kafa doka: duk direban da ba zai iya karanta takardar kaya da kansa ba, ba za a sabunta masa aiki ba. Za a gwada su a watan Rajab. Baba ya yi karatun allo, amma rubutun ofis marar wasali da lambobinsu ba su shiga masa. In ya faɗi, aiki ya tafi, kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa, ba zai sabunta iƙama, takardar izinin zama, ba, gidan nan kaf sai mu tattara. Yau ga shi abincin gidanmu ya rataya a kan malamin da ba ya iya ɗaga ido ya dubi ɗalibinsa.

Ki sa mu a addu'a. A gaida kowa da kowa, har akuyarki mai cin wanki.

Naki har kullum,
Abdulghaffar

Jidda,
Rabi'ul Sani 1395

Zuwa ga Hajiya Dela, tsohuwa mai ran ƙarfe.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar girma, ina fata jiki da sauƙi. Saƙonki ya iso ta hannun Alhaji Rafi'u, daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, Allah ya saka da alheri. Na ji kin ce zanen da na aiko na 'yan mata ne. Ai shi ya sa na zaɓa miki shi.

Kin tambayi yadda muke yi a aji. Da farko dabara na samo. In ana kiran suna, na zo kan na Baba sai in yi tari in wuce. In na leƙa littafinsa ta gefen ido na ga kuskure, sai in tsaya a kan Baba Bawa da ke kusa da shi, in ce ya duba layi na uku, bakwai ɗinsa ta Larabci ta juye ta zama takwas. Baba Bawa, wanda bakwai ɗinsa ke zaune daram, ya gyaɗa kai ya ce ya tuba. Ina juya baya sai in ji ana goge takarda a bakin taga. Shi ma Baba in yana da tambaya, Baba Bawa yake taɓawa. Bawan Allah ya sha faɗa a kan kurakuran da ba nasa ba, har 'yan aji suka sa masa suna Sarkin Mantuwa, shi kuwa ko a jikinsa.

Sai dai tafiyar ba ta sauri. Abin da zan gyara a kalma ɗaya sai ya zaga ta bakin mutum uku. Ga kuma Ustaz Yahya, Bamisiren da kulliya ta sa yana duba aikinmu. Ya zauna a bayan aji ya kalle ni, da aka tashi ya ja ni gefe. Ya ce ya ga na takura wa dattijo ɗaya da ba ya kuskure, na kuma yi watsi da wani dattijon kamar muna gaba. Kunya ta hana ni ce masa mahaifina ne.

Na yi ta juya abin a raina. Na ga Rajab na matsowa, na ga ni ne nake jawo wa Baba jinkiri. Ashe akwai irin ajin nan a Hindawiyya, unguwarmu, bayan masallacin da yake salla, kuma malamin ya fi ni ƙwarewa. Sai na roƙi Ustaz ya mayar da sunan Baba can, na ce don ya huta da nisa. Ya sa hannu nan take. Na dawo gida ina jin na yi abin kirki, na faɗa wa Jamilatu ta faɗa masa.

Hajiya, tun ranar Baba bai sake taka aji ba, ba nawa ba, ba na Hindawiyya ba. Littafinsa yana kan taga ya yi ƙura. Bai yi faɗa ba, sai dai ya rage cin abinci. Magariba na yi zai sa takalmi ya fita, ba wanda ya san inda yake zuwa. Na rasa laifin da na yi. Ke kika haife shi, ki faɗa mini abin da ban gani ba, don tsoro nake ji.

Ki gaida Malam Adamu da iyalinsa.

Jikanki,
Abdulghaffar

Jidda,
Jimada Sani 1395

Zuwa ga uwargida Hajiya Dela.

Assalamu alaikum. Bayan dubun gaisuwa, ina fata kuna lafiya kamar yadda muke. Amsarki ta zo, na kuma karɓi zagina hannu biyu. Kin ce an kai ni makaranta na dawo da kai kamar kabewa, in je in tambayi Bawa. Bayani ko layi ɗaya ba ki yi ba, Allah ya shirye ki.

Na je na same shi yana wanke mota. Sai da ya gama tsaf, ya matse tsumma, sannan ya dube ni. Ya ce Baba ya san da ajin Hindawiyya tun kafin a buɗe shi, har malamin ya zo ya yi masa tayi. Da ya ji an ba ni aji a Sharafiyya, shi ya matsa wa Baba Bawa su riƙa tsallaka gari bayan sun wuni a kan sitiyari. Baba Bawa ma dokar ba ta shafe shi ba, ya daɗe da iya karatunsa, rakiya kawai yake yi. Na tambaye shi ina Baba ke zuwa da magariba yanzu. Ya ce in leƙa ta tagar ajina, wajen mai shayin da ke tsallaken titi.

Na leƙa a ranar. Yana nan zaune a kan benci, shayi na hucewa a gabansa, fuskarsa na kallon tagarmu.

Sai a lokacin na gane. A gida al'ada ta hana shi dubana. A aji kuwa dole ɗalibi ya dubi malami, ba mai cewa ya yi rashin kunya. Wuri ɗaya ke nan a duniya da zai zauna ya kalle ni ya ji muryata son ransa, ni kuma na sa hannu na kore shi daga wurin, ina ganin taimakonsa na yi. Na juya ga allo na yi ta rubutun da ba na gani, don kada dattawa su ga idona.

Washegari na je wa Ustaz Yahya na faɗa masa gaskiya duka. Ya riƙe baki. Ya ce su a wurinsu da sunan ɗan fari ake kiran uba, girmamawa ce, yaya za a ce mutum ya haifi ɗa ya kasa faɗin sunansa? Na ce haka muka tarar. Ya mayar da sunan ba gardama. Da na koma gida na tsaya a tsakar gida, na ɗaga murya ina yi wa Jamilatu magana, na ce malamin Sharafiyya ya yi kuskure, ya gane kurensa, kuma bencin bakin taga ba wanda ya zauna a kai. Daga ɗaki Baba ya ce Jamilatu ta kawo masa buta.

Da magariba sai ga shi da littafi a hammata. Ustaz kuma, don ya gyara, ya tare shi a bakin ƙofa da fara'a, ya ce, "Ahlan, ya Abu Abdulghaffar." Baba Bawa ya rufe fuska da hula. Baba ya sunkuyar da kai har na zaci zai juya ya fita. Can sai ya ce, "Na'am," ya wuce wurinsa.

Yanzu na daina tari wajen kiran suna, abin da Ustaz ya kira shi nake kiransa, yana kuma amsawa. Gyara dai har yau ta kan Baba Bawa take bi, amma muna sauri. Ki dage da addu'a, Rajab ya ƙarato.

Naki,
Abdulghaffar

Jidda,
Sha'aban 1395

Zuwa ga amaryata Hajiya Dela.

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Malam Adamu, ka karanta wannan da ƙarfi, ka san kunnen amaryar tawa ya fara ha'inci.

Ɗanki ya ci jarrabawa. An miƙa masa takardar kaya ya karanta tun daga sama har ƙasa, sau ɗaya ya yi tuntuɓe ya gyara da kansa. An sabunta aiki, an sabunta iƙama. Inna ta yi waina aka raba wa maƙwabta. Ni ba a faɗa mini kai tsaye ba, Jamilatu aka faɗa wa, ina zaune a gefenta.

Na yi murna, Allah ya sani. Amma murnar tawa ba ta cika ba, don na san buƙata ta biya, ba abin da zai sake kawo shi Sharafiyya. Kulliya ta ce in ci gaba da aji na biyu, na masu son ƙari, wanda ba kamfanin da ya tilasta wa kowa. Na karɓa ba tare da wani ɗoki ba.

Ranar da aka buɗe na zo da wuri don in share allo. Na tarar da mutum biyu sun riga ni, suna zaune a bakin taga. Baba Bawa yana ta mita, wai shi da ya yi zaton ya huta da faɗa. Na fara darasi, na yi ta zuba bayani kamar ana korata. Sai na ga Baba ya taɓa abokinsa. Wannan karon bai yi raɗa ba, kuma ba Baba Bawa yake kallo ba, ni yake kallo. Ya ce, "Bawa, ka ce wa malam ya rage sauri. Mu ba gaggawa muke yi ba."

Na rage, Hajiya. Littafin da ake gamawa a shekara ɗaya, in Allah ya ba mu rai, ni da ɗalibin nan sai mun ga inda ya ƙare.

Ki gaida mutanen gida baki ɗaya. Allah ya ƙara miki lafiya, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki, malamin ɗanki,
Abdulghaffar Usuman